Maigida Ya Ce Zai Shafe Lambuna da Siminti

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce, 'ya'yana uku, kuma ina koyarwa. Shekara biyu ke nan da na mayar da bayan gidanmu lambu, wurin bai fi taku goma a tsawo da shida a faɗi ba. Burina in daina sayen kayan miya. Shekarar farko na dasa tumatir gindi talatin rana ɗaya, ga kabeji, latas, karas da albasa. Da suka tashi nuna sai suka nuna tare. Na raba wa maƙwabta, wasu suka ruɓe a kwando, yara suka ce sun gaji da cin abu ɗaya. Zafi na shigowa komai ya ƙone, alhali ina ban ruwa safe da yamma. Da damina na sake dasa tumatir, ganyen ya yi ɗigo-ɗigo baƙi ya zube, ciyawa ta cinye wurin. Bana ma haka aka yi. Yanzu maigida ya ce lambun ruwa kawai yake sha, tunda har gobe shi ke kawo cefane, kuma zai sa a shafe wurin da siminti. Na yi kuka, don nan ne kaɗai nake samun natsuwa. In haƙura ne, Anti? In kuma zan ci gaba, yaya zan yi lambun ya riƙa kai wa tukunya duk shekara?

Maman yara uku

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Share hawayenki, in sha Allahu lambun nan ba inda za shi. Amma bari in fara da wadda ba za ta yi miki daɗi ba: maganar maigidanki akwai gaskiya a cikinta, kuma ba kaɗan ba. Shekara biyu yana kallon ruwa na kwarara bayan gida, yana ganin ki cikin laka bayan kin dawo daga makaranta a gajiye, gari na wayewa kuma ki miƙa masa jerin cefane kamar kullum. Ko ni ce sai na tambaya. Hannunki dai ba shi da laifi, wadda ta fitar da tumatir har ya ruɓe a kwando ai ta iya shuka. Alkawarin da kika ɗora wa filin ne ya fi ƙarfinsa.

Mu ɗan yi lissafi. Taku goma a shida bai wuce murabba'in mita 30 da 'yan kai ba, har da inda kike takawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum ya riƙa cin aƙalla giram 400 na kayan lambu da 'ya'yan itatuwa kowace rana. Ku biyar ne, ko an rage kason yara abin ya kai kilo ɗaya da rabi kullum, sama da kilo 500 ke nan a shekara. Bayan gida irin naki ba zai ɗauki wannan kaya ba, ko wanda ya gaji noma kaka da kakanni aka damƙa wa. Don haka ki cire maganar daina sayen kayan miya daga ranki. Muddin da ita ake auna lambun, kullum faɗuwa zai yi, kuma ke ce kika miƙa wa maigida mudun awon da hannunki.

Abin da ƙaramin lambu ya iya shi ne ya sa kullum a samu abu ɗaya ko biyu, ɗanye shar, da za a tsinko a jefa a tukunya. Kafin a kai ga haka kuwa, sai tukunyar ce ta faɗa miki abin da za ki shuka. Ki rataye ɗan littafi a kicin, sati biyu duk kayan lambun da ya shiga girki ki rubuta shi da yawansa. Abin da kuka ci da gaske nake nufi, ban da wanda kike sha'awar a ce kuna ci. Kin lissafa mini kabeji da latas da karas. Kafin ki fara lambu, sau nawa a wata kike sayen latas? Yawancinmu hoton da ke jikin takardar iri ne ke jan mu. Ni kaina na taɓa dasa kabeji gindi goma sha biyar a gidan da kai ɗaya ke kwana bakwai bai ƙare ba. Tsutsa ta ci rabonta, sauran suka fashe a gindi ina kallo.

In sati biyun sun cika, ki duba littafin ki ware abin da ke saurin yaushi bayan an sayo shi, da abin da kaɗan ake buƙata amma kullum, da wanda in an tsinka yake sake tofowa. Su ne 'yan lambu. Ganye ne a sahun gaba. Alayyafo sati uku zuwa huɗu ya isa yanka, kuma in kika yanke shi kika bar kamar tsawon tafin hannu daga ƙasa, kika bar masa 'yan ganye, zai sake ba ki sau biyu ko uku kafin ya yi kai. Barkono da attaruhu gindi uku ko huɗu sun ishi gida, suna yin watanni suna bayarwa, wani ma ya zagayo shekara. Kuɓewa gindi takwas, tana fara 'ya'ya wajen kwana 50 zuwa 60, amma fa sai an bi ta duk bayan kwana biyu, in ba haka ba ta ƙosa ta zama itace. Na'ana'a a bokiti za ki sa ta, don in ta samu ƙasa sai ta mamaye maƙwabtanta. Albasa kuwa ki bar wa masu gona. Tana zaune miki a fili wata huɗu ko fiye, ga shi ita ce mafi jure ajiya a cikin kayan miya, sayenta bai taɓa zama matsala ba. In ganyenta kike so, 'yan ƙananan da suka fara tsiro a kwandon kicin ki binne su a gefen kwami, cikin sati biyu za ki fara yankan lawashi.

Sai maganar gindi talatin a rana ɗaya. Manomin da zai loda mota ne ke son amfaninsa ya nuna tare. Ke tukunya ɗaya gare ki, kuma kullum take hawa wuta. Ki dasa biyar yau, bayan sati uku ki dasa biyar, bayan wasu ukun ki ƙara biyar. Tumatir kansa iri biyu ne. Akwai gajere, wanda in ya kai iyakar tsawonsa yake tsayawa ya zubo 'ya'yansa kusan gaba ɗaya cikin 'yan makonni. Akwai kuma mai hawa sanda, yana girma yana fure yana nuna kaɗan-kaɗan har yanayi ya kashe shi. Daga bayaninki ina zargin gajeren kika samu. In za ki sayi iri ki tambaya, ki kuma duba ko an rubuta F1 a jikin takardar: irin wannan yana yin kyau, amma in kika cire ƙwaya daga 'ya'yansa kika shuka baɗi, ba lallai ya fito kamar uwarsa ba. Alayyafo ma haka za ki yi masa, taku ɗaya a ɗaya duk bayan sati biyu. Ki ɗaure abin da ranar da ba ki zuwa makaranta, don kada ya dogara da tunawa.

Tumatirin da ya ƙone miki da zafi, ko kogi kika juyo masa ba zai yi 'ya'ya ba. Da zarar zafin rana ya haura wajen digiri 32, dare kuma ya kasa saukowa ƙasa da 21 ko 22, garin furen yana lalacewa, furen ya bushe ya faɗi. Latas shi kuma sai ya miƙe ya fitar da kai ya yi ɗaci. Waɗannan da karas da kabeji duk 'yan sanyi ne, kuma lissafinsu daga baya ake faro shi. Tumatir yana sati huɗu zuwa biyar a wurin reno, bayan dashe ya ƙara wata biyu zuwa biyu da rabi kafin a tsinki na fari. Wata uku da ɗoriya ke nan. In kika jira sai sanyi ya kankama kafin ki yafa iri, furensa zai faɗa tsakiyar zafi. Ba a fafe gora ranar tafiya: damina na shirin ɗaukewa ya kamata irinki ya kasance a ƙasa. Karas dai ba a dasa shi, inda zai zauna nan ake shuka shi, a ƙasa mai laushi marar duwatsu, kuma ɗanyen taki na sa shi ya yi ƙafafu biyu. Ki yi hattara da bidiyon lambu na YouTube. Da yawansu daga Turai da Amurka suke, inda ƙanƙara ke rufe ƙasa da sanyi, don haka su da zafinsu suke shuka tumatir. Ki ɗauki dabarar hannunsu, kalandarsu ki bar musu.

Lokacin zafi lambu raguwa yake yi, kuma wannan ba faɗuwa ba ce. Ga dalili. A matsakaicin yanayi kayan lambu na son kamar lita 25 na ruwa a kowane murabba'in mita a sati. Filinki gaba ɗaya lita 750 ke nan, jarka mai lita 20 har 37 da ɗori, da zafi kuma abin yana iya ninkawa. Kin ga inda ran maigida yake ɓaci. In kika tsaya a kwami biyu ko uku kusa da famfo, murabba'in mita takwas, jarka goma ce a sati a matsakaicin yanayi. Sauran filin ki barbaɗa masa taki, ki lulluɓe da busasshiyar ciyawa, ya huta. A kwamin da kika bari ki sa masu jure rana: kuɓewa, alayyafo, dankalin da ake cin ganyensa, da barkonon da ya riga ya kafu, shi ma a yi masa 'yar rumfa ta tsohon buhu ko gidan sauro daga ɓangaren yamma.

Ban ruwanki na safe da yamma ma ina da magana a kansa. In yayyafi kike yi wa saman ƙasa, saiwa ba ta da dalilin nutsawa, sai ta tsaya a sama inda rana ke gasa ta. Gara ki zuba da yawa a gindi, da sassafe, ya ratsa ƙasa sosai, sannan ki ƙyale. Kafin ki sake, ki cusa ɗan yatsa har gaɓa ta biyu, in da danshi ki wuce. Ganyen da ya langaɓe da tsakar rana amma ya miƙe da yamma lafiyarsa ƙalau, wanda ya kwana a langaɓe shi ke jin ƙishi. Abin da ya fi komai rage shan ruwa shi ne lulluɓe ƙasa da busasshiyar ciyawa ko ganye, kaurin santimita 5 zuwa 8, a ɗan nesanta shi da jikin karan. Tsohuwar dabara ce kuma a binne tukunyar ƙasa tsakanin shuke-shuke, a bar bakinta a waje, a cika ta a rufe, ruwan ya riƙa tsatsafowa a hankali. Robar ruwa da aka huda da allura ma tana yi. Ruwan wanke shinkafa da na wanke ganye duk na lambu ne, ki ajiye bokiti a kicin dominsu. Wanda aka sa wa bilic, ko aka wanke kayan jariri da shi, ko mai gishiri da maiƙo, wannan kwata ce wurinsa. Rashin daidaiton ban ruwa, yau ambaliya gobe fari, shi ne ma ke sa gindin ɗan tumatir ya yi baƙi ya lotsa, don sinadarin kalsiyam ba ya isa ga ɗan sai da ruwa mai ɗorewa.

Ɗigon baƙin da ya kashe miki tumatirin damina cutar ganye ce, irin wadda ke son jiƙaƙƙen ganye, kuma ruwan sama ne ke fallatso ta daga ƙasa. Ana iya rage ta: a ɗaga kwami kamar santimita 20, a ɗaure shukar a sanda, a cire ganyen ƙasa, a ba su tazara iska ta ratsa, wanda ya kamu a tsinke a ƙone. Amma ke da aiki da yara uku, shawarata ki ba tumatir hutu da damina. Lokacin wake ne da kuɓewa da kabewa da kokwamba. Kabewa ki nuna mata katanga ta hau, kada ta cinye miki fili, ganyenta masu taushi ma ana ci, haka ganyen wake. Wake kuma yana biyan kuɗin haya, don a saiwarsa akwai ƙwayoyin halitta da ke jawo naitirojin daga iska, ƙasar ta amfana. Ciyawa tun tana kamar gashi ake kashe ta, minti goma da fartanya duk bayan kwana biyu, kafin ta yi iri. Ki kafa duro a ƙarƙashin indararo. Ruwan sama milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya na rufi lita guda ce, don haka ruwa ɗaya mai kyau ya cika shi. Ki rufe shi ruf saboda sauro, kada mu ƙara wa maigida hujja.

Tumatir da barkono da attaruhu da gauta da dankalin Turawa dangi ɗaya ne, cutarsu ɗaya. Inda ɗayansu ya zauna bana, baɗi ki sa wake ko ganye. In kika tuge shuka kika ga saiwarta ta yi ƙulu-ƙulu kamar carbi, wasu tsutsotsi ne da ido ba ya gani, kuma maimaita dangi ɗaya a wuri ɗaya ke ƙara musu yawa. Na saiwar wake daban ne, su in kika murza suna ɓallewa, kuma alheri ne. Akwai kuma wata 'yar tsutsa da ke shiga cikin ganyen tumatir ta bar fari-fari kamar an kankare, masana na kiranta Tuta absoluta. Daga Kudancin Amurka ta fito, aka gan ta a Sifaniya a 2006, daga nan ta bazu Afirka da Asiya. A gindi goma sha biyar ido da hannu sun fi feshi: ki riƙa juya ganye kina dubawa, wanda ya kamu ki cire. Ƙananan ƙwarin da ke taruwa a bayan ganye ruwan sabulu marar ƙarfi yana maganinsu, a fesa da yamma. In har ta kai ga maganin kanti, a jikinsa an rubuta kwanakin da za a jira kafin a tsinka, ki bi su ko da 'ya'yan za su wuce nuna.

Taki kuwa a kicinki yake. Ki haƙa rami a lungu, ɓawon kayan miya, ɓawon ƙwai, busasshen ganye, ki riƙa rufewa da ƙasa kina ɗan jiƙawa. Ban da nama da mai, suna kiran ɓera. Wata biyu zuwa uku ya zama baƙar ƙasa mai ƙamshin damina. Kashin kaji ko na dabbobi sai ya ruɓe tukuna. Dokar noman da ba a sa sinadari a Amurka ta ce tsakanin zuba ɗanyen taki da girbi a samu kwana 120 ga abin da ke taɓa ƙasa, kwana 90 ga wanda ba ya taɓawa. Tunda yaranki za su ci ɗanyen latas da karas, wannan ƙa'ida ce mai kyau a ara.

Duk yadda kika rarraba shuka, wata rana kwando zai cika fiye da cikinku, kuma a nan ne ake tanadin watannin da lambu ya yi shiru. Tumatir kada ki jira ya yi jawur a gindi. Da ya fara sauya launi ki tsinke, ki shimfiɗa a inuwa ba a kan juna ba, zai ƙarasa nuna da kansa, firij kuma yana kashe masa ɗanɗano. Kusan kashi 95 cikin ɗari na jikinsa ruwa ne, shi ya sa babban kwando in aka markaɗa aka dafa har ya tsotse yake komawa 'yar roba. In wutarku tana tsayawa, ki ƙulla shi daidai girki ɗaya-ɗaya ki jefa a firiza. In ba ta tsayawa, rana kyauta ce: ki yanka shi fale-fale, ki shanya a kan abin da ya ɗaga daga ƙasa, ki rufe da siririn mayafi saboda ƙura da ƙuda, ki shigo da shi da dare, har sai ya bushe babu sauran danshi. Kuɓewa da barkono ma haka. Ganye shi kuma a tsoma shi a tafasasshen ruwa minti ɗaya ko biyu, a tsane, a shanya a inuwa mai iska, don rana tana cinye masa launi da amfani.

Ajiya a kwalba ce nake so ki buɗe kunne a kanta. Tun 1810 wani Bafaranshe, Nicolas Appert, ya wallafa yadda ake rufe abinci a kwalba a dafa, kuma dabarar tana aiki, sai dai tana da iyaka. Akwai ƙwayar cutar da ke rayuwa inda babu iska kuma babu tsami, gubarta tana kisa, ba lallai kuma a ji wari ko a ga alama ba. Tafasar ruwa a digiri 100 ba ta kashe ƙwayayenta, sai wajen 116, wanda sai da tukunyar matsi ta musamman ake kaiwa. Saboda haka wake, kuɓewa, ganye da karas ba a ajiye su a kwalba da tafasar tukunya kawai. Tumatir yana bakin iyaka: zallarsa za ki zuba da zafinsa, ki ƙara ruwan lemun tsami cokali biyu na cin abinci a kowace lita, ki rufe, ki nutsar da kwalaben a ruwa su tafasa aƙalla minti 45, a garin da ke kan tudu a ƙara lokacin. Kada ki markaɗa shi da albasa da attaruhu in kwalba za shi, suna rage masa tsami. Duk wadda murfinta ya kumbura, zubarwa ake yi ba a ɗanɗanawa.

Yaranki kuma ba tumatir suka gaji da shi ba, girki ɗaya suka gaji da gani. Abu ɗaya yana da fuska da yawa. Yau ki yanka shi ɗanye da albasa da lemun tsami da ɗan gishiri. Gobe ki gasa shi da tattasai har bayansu ya ɗan babbake kafin ki jajjaga, za ki ji ɗanɗanon ya koma wani abu dabam. Jibi ki soya shi da ƙwai, gata ya zama romo mai ruwa-ruwa, wata rana ya narke a cikin wake har ba a gane shi. Ganye ki daina dafa shi har ya yi baƙi, minti uku zuwa biyar na ƙarshe ya ishe shi, don doguwar wuta tana kashe bitamin C. Ɗan mai yana taimaka wa jiki ya amfana da abin da ke cikin karas da koren ganye, matsin lemun tsami a kan wake ko ganye kuma yana taimakon shigar sinadarin ƙarfe. Sannan ki sauya tsarin tambayar. Maimakon ki yanke abin da za ki dafa ki je nema, ki fara leƙa bayan gida da safe ki ga me ya isa, a kansa za a gina girkin ranar. Da sanyi za ku ci ɗanye da yawa, da zafi busasshen da kika adana zai fito ya haɗu da ɗan koren ganye, da damina tukunya ta koma kore. Ki ba kowane yaro bokitinsa da irin da ya zaɓa, shi ke ban ruwa, shi ke tsinka. Na sha ganin yaron da ba ya taɓa kokwamba ya cinye wadda ya shuka tun kafin ta kai kicin.

Yanzu maigida. A wasiƙarki akwai layi ɗaya da ya fi sauran nauyi, inda kika ce nan ne kaɗai kike samun natsuwa. Ni kin gaya mini. Shi kin gaya masa? Ina kyautata zaton da sunan rage cefane kika shigar masa da maganar lambun, shi kuma da wannan yake yi miki hisabi. Ki nemi lokacin da ya ci ya huta, ba ranar da ya ga laka a tsakar gida ba, ki ce masa: "Baban yara, ka yi gaskiya, lambun nan bai rage cefane yadda na ce ba, kuma ya sha ruwa da yawa. Amma in na shiga cikinsa kaina yana sauka, ina dawowa cikin gida da sauƙin rai. Ka bar mini kashi ɗaya cikin uku, sauran ka yi abin da ka ga ya dace." Sannan ki tambaye shi abin da ya fi damunsa, ki kuma saurara har ya gama. Wataƙila ruwan ne, wataƙila laka da sauro, wataƙila yana son wurin da yara za su yi wasa. Yana iya yiwuwa kuma gajiyarki ce ba ya son gani, bai san yadda zai faɗa ba sai ta bakin siminti. Kowanne da maganinsa, amma sai kin san wanne ne.

Kashi ɗaya cikin ukun ki zaɓe shi da ido: inda rana ke samu awa shida ko fiye don masu 'ya'ya, ganye kuwa awa huɗu ma yana haƙuri. In ya dage sai an shafe duka, kada ki mayar da abin yaƙi. Ki roƙi a bar miki siririn layi a gindin katanga, faɗin taku ɗaya. Ko shi bai samu ba, bokiti mai lita 20 da aka huda gindinsa yana riƙe tumatir ɗaya ko barkono ɗaya, buhun da aka cika da ƙasa da taki yana ba da alayyafo, kuma duk suna zama a kan siminti lafiya lau, sai dai a ɗora su a kan bulo ko katako da zafi, kada ƙasan ya gasa saiwar.

Ki ce ya ba ki wata uku. Ɗan littafin nan na kicin ki juya bayansa ki riƙa rubuta abin da aka tsinko da ranar, da jarka nawa ta tafi, don ke ma ki san gaskiyar lambunki. Cikin satin nan ki gyara kwami ɗaya ki yafa alayyafo. Nan da sati huɗu zai shiga miya, kuma ranar kada ki ce masa daga bayan gida ne sai in shi ya tambaya.